Possum: tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin Birtaniya da ke hana masu kallonsa sukuni

Fim ɗin Possum ya fito a shekarar 2018, kuma gidajen silima kaɗan ne suka haska shi. Amma har yau waɗanda suka gan shi ba su daina maganarsa ba. Wani ya ce ya kasa barci, wani ya ce barci ne ma ya kwashe shi tun ba a yi nisa ba, wani kuma ya ce fim ne mai kyau ƙwarai amma ba zai sake kallonsa ba har abada. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa. Daga inda aka zo maganar yaron da ya ɓace akwai tonon ƙarshen labari, wanda bai kalla ba sai ya yi hattara.

Wane irin fim ne, kuma wa ya shirya shi?

Fim ne na ban tsoro, amma irin wanda ke aiki a cikin ƙwaƙwalwa. Matthew Holness ne ya rubuta shi kuma ya ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. An fara nuna shi a bikin fina-finai na birnin Edinburgh a watan Yuni na 2018, sannan ya shiga silima a Birtaniya a watan Oktoba na wannan shekarar. Tsawonsa minti 85 ne.

Labarin na wani mutum ne mai suna Philip, wanda sana'arsa wasan 'yar tsana ga yara. Wani abin kunya ya faru da shi a wurin aiki, wanda fim ɗin bai fayyace ba, sai ya koma gidan da ya tashi a yankin Norfolk da ke gabashin Ingila. Gidan ya taɓa cin wuta, kuma a wannan gobarar ce iyayensa suka rasu. Wanda ya rage a ciki shi ne wani tsoho ƙazami mai suna Maurice. Philip yana ɗauke da jakar fata duk inda ya sa ƙafa, kuma abin da ke cikinta yake son rabuwa da shi. Sean Harris ne ya fito a matsayin Philip. Masu kallon fina-finan Amurka za su iya tuna fuskarsa, don shi ne mugun da Tom Cruise ke fafatawa da shi a Mission: Impossible na 2015 da na 2018. Alun Armstrong kuma shi ne Maurice.

Me ke cikin jakar?

'Yar tsana ce da Philip ya ƙera da hannunsa, ita ce mai suna Possum. Jikinta na gizo-gizo ne, dogayen ƙafafu masu gaɓoɓi, kanta kuma na mutum, fari fat kamar na gawa, idanu a buɗe ba ƙiftawa. Idan ka lura da kyau, fuskar tana kama da ta Philip ɗin kansa.

Daraktan ba ya nuna ta gaba ɗaya da wuri. Da farko jakar kawai za ka gani a ajiye a ƙasa tsakanin bishiyoyi. Can sai ƙafa ɗaya ta leƙo. Can sai ka hango ƙafafun suna lanƙwasowa ta bayan bango. Kafin a nuna fuskar, zuciyar mai kallo ta riga ta zana nata abin tsoron. Philip ya yar da ita a daji, ya wurga ta daga kan gada, ya cinna mata wuta, amma kullum sai ya same ta ta dawo, wani lokaci a rataye a ɗakinsa, wani lokaci a kan shimfiɗarsa.

Masu tsoron gizo-gizo sukan yi wa juna gargaɗi game da wannan fim, kuma gargaɗin yana kan hanya. Sai dai da yawa daga cikinsu sukan ce fuskar ce ta fi ƙafafun tsaya musu a rai.

Me ya sa ake cewa yana tayar da hankali, alhali kusan babu jini a cikinsa?

Nan ne gizo ke saƙar. Ba a yanka kowa a gaban kyamara, ba a bin kowa da wuƙa, kuma abin da ke faɗowa kwatsam ya firgita mutum bai taka kara ya karya ba. Duk da haka kalaman da masu kallo suka fi maimaitawa su ne ƙunci, ƙazanta, da jin kamar su je su yi wanka bayan sun gama.

Dalili na farko shi ne gidan. Bangonsa ya yi baƙi da hayaƙi, takardar ado da aka manna masa tana ɓantarewa, komai launin ƙasa-ƙasa da rawaya mai datti. An ɗauki fim ɗin ne da zaren fim na milimita 35, kuma mai ɗaukar hoto Kit Fraser ya bar launukan a dushe, har mutum ya ɗauka wani tsohon shiri ne na shekarun 1970 aka tono. Waje ma babu sauƙi: fadama shimfiɗe iyakar ganinka, sama a murtuke, tsohon barikin soja da aka yi watsi da shi.

Dalili na biyu shi ne jikin Sean Harris. Dubi yadda yake tsayuwa: hannuwa a sake amma a sandare, ba sa motsi yadda na mai tafiya ke yi, kafaɗu a ɗage, baki a karkace ƙasa kamar yaron da ke danne kuka. Babban mutum ne cikin doguwar kwat, amma tsayuwar ta ɗan firamare ce da aka kira gaban hedimasta. Yakan yi mintoci bai ce uffan ba. Ni a ganina rabin ƙarfin fim ɗin a wannan tsayuwar yake.

Na uku kuwa zaman Philip da Maurice ne a teburin kicin. Tsohon yana zuƙar taba, yana dariyar ƙeta, yana miƙa masa alawa daga wata kwalba, yana tsokanarsa da tambayar ko yau zai shiga ɗakin nan da ke rufe. Philip ya ce a'a. Babu duka, babu ɗaga murya sosai, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda babba ke murƙushe yaro da magana kawai zai gane abin da ke gudana. Abin da mai kallo ke ji ya yi kama da dannau: kana ganin abin yana matsowa, kana son ka motsa ko ka yi ihu, amma jikinka ya ƙi.

Wasu sun ce gundura ce zalla. Suna da gaskiya?

Suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Kashi mafi yawa na fim ɗin mutum ɗaya ne ke yawo da jaka. Ya je fadama, ya dawo gida, ya je daji, ya dawo gida, ya je bariki. Abin da ya faru a minti na ashirin shi ne kusan ke sake faruwa a minti na hamsin. Akwai masu cewa gajeren fim ne na rabin awa aka ja shi da ƙarfi, kuma suna kafa hujja da cewa asalinsa ma gajeren labari ne. Haka ne: Holness ya fara rubuta shi a wani kundin labarai mai suna The New Uncanny da kamfanin Comma Press ya buga a 2008, inda aka nemi marubuta su gina labarai a kan maƙalar da masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya rubuta a 1919 game da abubuwan da muka saba da su amma suke ba mu tsoro.

Inda na rabu da su shi ne a kan maimaicin. Mutumin da aka cutar yana yaro haka rayuwarsa take: ya jefar da abin yau, gobe ya farka ya tarar da shi a gefensa. Da an taƙaita zagayen, da mai kallo ya fahimci halin Philip a kansa kawai, bai ɗanɗana gajiyar ba. Holness ya bayyana cewa fina-finan tsoro na Jamus na shekarun 1920, waɗanda ba a magana a cikinsu, su ne suka ja hankalinsa, kuma ya so ya yi irinsu a wannan zamani. Wanda ya shigo da tsammanin labari mai gudu, lalle zai ƙosa.

Masu sharhin fina-finai a jaridu galibi sun yaba masa. A tsakanin sauran masu kallo ne ra'ayi ya rabu gida biyu, kuma da wuya ka sami wanda ya tsaya a tsakiya.

Me ya sa 'yan Birtaniya, musamman masu manyan shekaru, suka fi jin zafinsa?

Saboda yana taɓo abubuwa biyu da suka tashi da su.

Na farko gajerun fina-finan faɗakarwa ne da gwamnatin Birtaniya ta riƙa sakawa a talabijin da makarantu a shekarun 1970, ta hannun ofishinta na yaɗa bayanai. Manufarsu su tsorata yara don su guji haɗari: kada a yi wasa a bakin kududdufi, kada a hau layin dogo, kada a bi baƙon mutum. Akwai Lonely Water na 1973, inda wani mai alkyabba ke tsaye yana jiran yara su nutse, da muryar ɗan wasa Donald Pleasence. Akwai Apaches na 1977, inda yara ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya a gona. Yaran wancan lokaci sun girma da waɗannan hotuna a ransu, kuma Holness, wanda aka haifa a 1975, yana cikinsu. Possum ya ɗauko launinsu da yanayinsu, har da mutumin nan mai doguwar kwat da ke tsaye a bakin makaranta, wanda aka ce wa kowane yaro ya guje shi.

Na biyu ya fi ciwo. Bayan mutuwar Jimmy Savile a 2011, shahararren mai gabatar da shirye-shirye a BBC wanda yara suka yi ta rububin zuwa shirinsa, sai a 2012 asiri ya tonu cewa ya shafe gomman shekaru yana lalata da yara da marasa ƙarfi, manya kuma sun kau da kai. Al'umma guda ta waiwaya ta ga cewa ƙuruciyar da take tunawa da daɗi akwai ruɓa a ƙarƙashinta. Fim ɗin da ya haɗa mai nishaɗantar da yara, da zargi, da manyan da suka yi gum, dole ya sosa musu inda ke ƙaiƙayi.

Mene ne wannan sautin da kowa ke magana a kai?

Aikin ƙungiyar Radiophonic Workshop ne. Asalinta sashe ne da BBC ta kafa a 1958 don ƙirƙiro sautuka da na'urori, aka rufe shi a 1998, daga baya wasu tsofaffin ma'aikatansa suka sake haɗuwa. Wannan ne karo na farko da suka yi wa dogon fim na silima kiɗa. Sun kuma saka wasu sautuka na Delia Derbyshire da ba a taɓa fitarwa ba. Ita ce matar da ta haɗa sanannen kiɗan buɗe shirin Doctor Who a 1963, ta rasu a 2001.

Akwai wata sarewa mai taushi da ke buɗe fim ɗin, irin ta shirin yara, sannan a hankali sai gurnani da ƙara su haɗiye ta. Ga ɗan Birtaniya wannan sautin ƙuruciyarsa ne aka gurɓata. Wanda bai san tarihin ba ma zai ji tsikar jikinsa na tashi. Masu kallo da abin sawa a kunne sukan ba da labari mafi muni fiye da waɗanda suka kalla ta lasifikar waya.

Gaskiya ne daraktan ɗan wasan barkwanci ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ya ruɗi mutane da dama. An san Holness da shirin Garth Marenghi's Darkplace da tashar Channel 4 ta nuna a 2004, inda shi da ɗan wasan barkwanci Richard Ayoade suke kwaikwayon fina-finan tsoro marasa inganci don ban dariya. Masoyansa da yawa sun shiga Possum suna jiran inda za a fashe da dariya, har aka gama ba su samu ba ko sau ɗaya.

Maurice kawun Philip ne ko mijin mahaifiyarsa?

Taƙaitaccen bayanin da aka tallata fim ɗin da shi ya kira shi mijin uwa, masu sharhi da yawa kuma sun kira shi kawu. Abin da labarin ke buƙata ka sani bai wuce wannan ba: shi ne ya riƙi Philip bayan ya zama maraya, kuma yaron ba shi da wani wurin zuwa.

Philip ne ya sace yaron da ya ɓace?

Daga nan tonon labari ya fara.

A farkon fim ɗin Philip yana cikin jirgin ƙasa, yana satar kallon wasu 'yan makaranta. Ya yi ƙoƙarin yi wa ɗaya daga cikinsu magana, yaron ya guje shi. Ba da jimawa ba labarai suka ce yaron ya ɓace, kuma 'yan sanda na neman wani mutum da kamanninsa suka yi daidai da na Philip. Daga nan duk abin da ya yi sai ya ƙara masa kama da mai laifi. Yana tsayawa a bakin makaranta. Yana ɓuya. An kore shi daga aikin da ya shafi yara, ba a faɗi dalili ba.

Amsar ita ce a'a. A ƙarshe ya tara ƙarfin hali ya shiga ɗakin da ke rufe, wani mai rufaffiyar fuska ya afka masa, ashe Maurice ne. Nan aka gane tsohon ne ya riƙa lalata da shi yana ƙarami, kuma shi ne ya sace yaron. Philip ya fi ƙarfinsa ya karya masa wuya, ya buɗe wani akwati ya tarar da yaron da ransa, ya sake shi.

A ganina wannan ne ainihin abin da ke damun masu kallo, ko da ba su faɗe shi da baki ba. Fim ɗin ya sa ka zargi wanda aka zalunta. Ka yi sama da awa guda kana kallon fuskarsa, da tafiyarsa, da rashin iya maganarsa, kana cewa a ranka wannan ba shi da gaskiya. Alhali duk waɗannan alamomin tabon abin da aka yi masa ne. Ka yi masa hukunci da irin idon da mutanen garin suka yi masa, mai laifin kuwa yana zaune a kicin yana shan taba.

Akwai wani wuri da ya fi ko'ina karya zuciya idan ka sake tunaninsa bayan ka san gaskiya. Philip ya shiga tsohuwar makarantarsa yana neman wani malaminsa na dā, wanda ya ce ya san abin da ya faru kuma ya yi alkawarin taimaka masa. Shekaru sun shuɗe, malamin ba ya nan. Ma'aikaciyar da ta tarbe shi ta ga baƙon namiji mai abin zargi a cikin makarantar yara, ta yi abin da kowa zai yi. A kallon farko kai ma kana bayanta. A na biyu sai ka ga yaro ne ya zo kai ƙara, ya makara da shekara talatin ko fiye.

Wasu da irin wannan cuta ta taɓa samu sun ce fim ɗin ya kama yadda abin yake: kunya, da ɗaukar laifin wani a ɗora wa kai, da tsoron kada a ce kai ma haka kake. Shi ya sa 'yar tsanar ke da fuskar Philip. Kuma ko a wajenmu, inda ake yawan binne irin wannan magana da sunan rufin asirin dangi, musamman idan maraya ne a hannun mariƙi, labarin ba zai zama baƙo ba.

To Maurice yana raye da gaske, ko a kan Philip kawai yake?

Wannan muhawara ba ta ƙarewa. Masu cewa babu shi suna nuni da cewa kusan ba a ganin Maurice yana hulɗa da kowa sai Philip, gidan bai yi kama da inda mutum zai iya zama ba, kuma fim ɗin cike yake da abubuwan da ba za su yiwu a zahiri ba: balan-balan da baƙin hayaƙi ke lulluɓewa, mushen yanyawa da ke miƙewa, 'yar tsanar da ke tafiya da ƙafafunta. Idan aka bi wannan fassara, to Philip ne ya kulle yaron, kuma kashe Maurice na nufin ya rinjayi muguntar da aka dasa masa.

Na fahimci abin da ya ja su, amma ban gamsu ba. Wannan karatu yana mayar da zargin kan wanda aka cuta, wato daidai tarkon da fim ɗin ya ɗana tun farko. Abin da ya fi dacewa da tsarin labarin shi ne Possum ce ke cikin kan Philip, Maurice kuwa mutum ne mai jini da tsoka. Duk da haka daraktan ya bar ƙofar a ɗan buɗe, kuma ba za a ce wanda ya bi ta can ya ƙirƙiro daga babu ba.

Me ya sa wasu masoyan fim ɗin ma ke ƙorafi da ƙarshensa?

Saboda bayan dogon lokaci ana tafiyar hawainiya ana magana da alamu, sai cikin 'yan mintoci aka zazzage komai a fili. Wasu na ganin hanzarin ya yi yawa, wasu na ganin bayanin ya rage wa abin kwarjini. Wasu kuma akasin haka: sun ce wannan wurin ne ya fi kowanne wuyar kallo, domin babu gizo-gizo babu mafarki, tsoho ne kawai da hannuwansa da muryarsa, babban mutum kuma ya koma yaro yana kuka. Ina tare da waɗannan na ƙarshe. Kuma ko da Philip ya yi nasara, ba a nuna ya warke ba. An bar shi zaune a waje shi kaɗai, ba a ce mana ko za a yarda da shi ba.

Ta yaya fim ɗin da bai yi kasuwa ba ya sami masoya haka?

Ta hanyar baki da baki. Bayan ɗan zaman da ya yi a silima, sai ya koma faifai da manhajojin kallo ta intanet, inda mutum ɗaya zai kalla da dare ya kira abokinsa ya ce sai ka ga wannan. Hoton 'yar tsanar ma ya yi ta yawo shi kaɗai, mutane suna tambayar daga ina ya fito. Masoyansa ba su da yawa, amma sun riƙe shi da hannu biyu, kuma sukan jera shi da tsofaffin fina-finan tsoro na Birtaniya irin su Dead of Night na 1945, wanda shi ma akwai mai wasa da 'yar tsana da ta fi ƙarfinsa a ciki.

Wa ya kamata ya kalla, wa ya kamata ya haƙura?

Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta ware shi ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Ni dai ba zan nuna wa ɗan shekara 15 ba. Kasancewar akwai 'yar tsana da waƙar yara a ciki kada ta yaudari iyaye.

Wanda aka taɓa ci wa zarafi yana ƙarami, ko wanda ke fama da ciwon damuwa a halin yanzu, ya yi shawara da zuciyarsa tukuna. Mintocin ƙarshe suna iya fama masa tsohon miki, kuma babu laifi ko kaɗan idan ya tsallake fim ɗin ko ya kashe a tsakiya. Idan ya ga lalle sai ya kalla, ya nemi wanda ya amince da shi su zauna tare.

Sauran masu sha'awa kuma, su ba shi lokacinsa a zama ɗaya, a ajiye waya, a ƙara sauti. Kallonsa gutsure-gutsure a cikin hayaniya shi ke mayar da shi labarin wani mutum mai yawo da jaka kawai, kuma da yawa daga masu cewa bai yi musu komai ba haka suka kalle shi.